Idan Ka Goge Manhajar, Wa Zai Biya Mawaƙin?

Ɗauki wayarka ka duba waƙar da ka fi saurara a wannan watan. Wataƙila ita ce take raka ka wurin aiki kowace safiya. Ke kuma 'yar'uwa, wataƙila ita kike sakawa kina shara kafin yara su tashi. Wani ne ya zauna ya tsara waƙar nan. Ya biya kuɗin situdiyo, ya sayi man janareta, ya sallami mai ganga da mai jita da 'yan amshi, ko kuwa har yau suna bin sa bashi. Daga cikin abin da ya fita daga aljihunka saboda wannan waƙar, nawa ne ya isa hannunsa?

Mutane da yawa a ƙasashe dabam-dabam sun yi wa kansu wannan tambayar, amsar ba ta yi musu daɗi ba, sai suka fara barin manhajojin sauraron waƙa ta intanet. Wasu sun bari don kason da mawaƙi ke samu ya yi ƙanƙanta. Wasu sun lura cewa sun yi shekaru suna biyan kuɗin wata amma ba su mallaki ko waƙa ɗaya ba, ranar da suka daina biya ko aka cire waƙar, shi ke nan. Wasu kuma sun gaji da na'ura tana zaɓar musu abin da za su ji. Kafin ka bi sahunsu, ko ka yi musu dariya, ya kamata ka san yadda kuɗin ke tafiya.

Spotify kamfanin ƙasar Suwidin ne, ya fara aiki a 2008, ya iso Najeriya a watan Fabrairun 2021. Kafin zuwansa muna da Boomplay, wanda ya fito a 2015, mutane da yawa ma a cikin sabuwar wayarsu ta Tecno ko Infinix suka tarar da shi. Ga Audiomack, ga Apple Music, ga YouTube. Tsarin biyansu ya ɗan bambanta, amma yawancinsu hanya ɗaya suke bi, bari mu ɗauki Spotify misali tunda shi ne aka fi sanin lissafinsa. Kuɗin da ka biya ba ya bin waƙar da ka saurara. Ana zuba shi ne a tukunya ɗaya tare da na dukan masu biya a ƙasar, kamfanin ya ɗebi kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran kashi biyun a raba bisa ga yawan sauraron da kowace waƙa ta samu a watan.

A ce ku biyu ne kaɗai kuke zubi a tukunyar, kai da wani saurayi, kuɗinku daidai wa daida. Kai ka saurari waƙa sau 150 a watan, dukansu na wata ƙungiyar mawaƙa ce a Kafanchan. Shi kuwa wayarsa ba ta yin shiru dare da rana, ya saurari taurarin Legas sau 3,000. Idan aka zo rabo, mawaƙanka za su tashi da ƙasa da kashi biyar cikin ɗari, alhali rabin abin da ke tukunyar kai ka zuba. Ba wanda ya yi maka ƙarya, haka yarjejeniyar take a rubuce. Sai dai ka sani, mafi yawan kuɗinka ya tafi wurin mutanen da ba ka taɓa buɗe waƙarsu ba.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye. Da zarar waƙa ta kai daƙiƙa 30 ana saurara, an ƙirga ta sau ɗaya. Waƙar rawa ta minti biyu da waƙar sujada ta minti goma sha biyu lada ɗaya ne. Mu kuwa ka san irin waƙoƙinmu, ba a gaggawa da su. Sa'an nan tun daga watan Afrilun 2024 Spotify ya kafa ƙa'ida cewa waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin watanni 12 ba, mai faifan ba zai sami komai a kanta ba. Kamfanin ya ce dalilinsa shi ne 'yan kwabban da irin waɗannan waƙoƙi ke tarawa ba su cika isa hannun masu su ba, kuma yana so ya toshe ƙofar masu maguɗi. Dalilin yana da kan gado. Amma ka tuna da mai waƙa da harshen Tarok ko Bachama ko Kilba, wanda masu jin yarensa da ke amfani da manhajar ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya rage bayan wannan ma ba kai tsaye yake zuwa wurin mawaƙi ba. Sai ya bi ta hannun kamfanin da ya ɗauki nauyinsa ko dillalin da ya ɗora masa waƙar, kowa ya gutsuri nasa.

Kada mu yi wa kamfanonin nan shaidar zur. Spotify ya sanar cewa mawaƙan Najeriya sun sami sama da naira biliyan 25 ta hanyarsa a 2023, da sama da biliyan 58 a 2024. Kuɗi ne na gaske, ko da yake manya ne suka kwashi mafi yawansa. Waɗanda suka san zamanin da mawaƙi zai fitar da faifai yau, jibi ya tarar da na jabu a kasuwa, ba za su ce da can ya fi ba. Kuma ta wannan hanyar ce 'yar'uwarmu da ke aikin jinya a Ingila take jin waƙar yabo da Hausa a ranar da aka fitar da ita, sauraronta ma ya fi naka tsoka, domin kuɗin wata a can ya ninka namu sau da yawa. Duk da haka, kukan mawaƙa ya yi ƙarfi har wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya binciki lamarin, ya fitar da rahoto a 2021 yana neman a sake tsarin rabon tun daga tushe.

To, mai barin manhajar ya yi daidai ke nan? Ya danganta da inda ya nufa bayan ya fita. A nan ne abin yake da haɗari a wurinmu. Bature idan ya bar Spotify yakan koma sayen faifai. Mu kuwa abin da ke jiranmu a bakin ƙofa shi ne mai tura waƙoƙi a tasha, wanda zai cika maka memori da waƙa ɗari biyar a kan 'yan canji, da Xender, da zauren WhatsApp na zumunta inda ake jefo sabon kundi sukutum da safe. Mai turawa ya samu, kamfanin data ya samu, mawaƙi ko sisi. Mutumin da ya yi fushi cewa kamfani yana biyan mawaƙi kaɗan, ya fita ya koma inda ba a biyansa komai, gudun gara ya yi ya faɗa wa zago, kuma mawaƙin ne zagon zai ci. Fushinsa bai ƙara wa kowa komai ba, sai dai ya rage masa kuɗin wata, ya kuma bar shi yana jin kansa adali.

Yawancinmu ma ba mu taɓa biyan kuɗin wata ba, tun farko ta wannan ƙofar muke shiga. Saboda haka maganar ta kowa ce.

Na san abin da za a ce: ai waƙar Allah ce, bishara kuma ba ta sayarwa ba ce. Ana kafa hujja da Matiyu sura 10, inda Ubangiji ya umarci almajiransa su bayar kyauta tunda kyauta suka samu. Ka ci gaba da karatun kaɗan, ayoyi biyu kawai, za ka tarar a cikin jawabin nan ɗaya ya nuna cewa ciyar da ma'aikaci haƙƙi ne a wuyan waɗanda yake yi wa aiki. An yi wa mai hidima magana kada ya mai da baiwarsa haja. An kuma yi wa masu karɓar hidima magana kada su bar shi da yunwa. Mu sai muka ɗauki umarnin da aka ba shi muna karanta masa da ƙarfi, muka ninke namu muka sa a aljihu. Manzo Bulus a 1 Korantiyawa sura 9 ya daɗe yana tabbatar da cewa yana da ikon ci daga aikinsa, sa'an nan ya ce bai mori ikon ba. Shi ne ya yafe, da bakinsa. Korantiyawa ba su yafe wa kansu a madadinsa ba. Akwai mawaƙan da suke sakin waƙoƙinsu kyauta su ce a yaɗa. Irin waɗannan ka karɓa da godiya ka tura wa duk wanda ka so. Amma wanda ya sa wa kundinsa farashi, kai ba ka da hurumin sa masa suna kyauta.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan nauyi, kuma ta cancanci a amsa ta da hankali. Wani zai ce, idan na ɗauki akuyarka ka rasa akuya. Idan na kwafi waƙarka kuwa, tana nan a hannunka yadda take, me na rage maka? Gaskiya ne, kwafi ba ɗaya yake da ɗauke akuya ba, shi ya sa kalmar sata ba ta cika kama zuciyar mutane a wannan batun ba. Abin da ya fi kama da shi shi ne riƙe ladan ɗan ƙodago. Mutumin da ya yini yana yi maka noma ka hana shi kuɗinsa, idan ya koma gida ba zai tarar an ɗauke masa ko cokali ba. Yininsa ne ya tafi, da ƙarfinsa, kai kuma kana cin amfanin. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta hana a bar rana ta faɗi da ladan matalaucin ma'aikaci a hannun mai gona, wasiƙar Yakubu sura 5 kuma ta nuna cewa ladan da aka danne yana da murya, kuma ana jin sa a sama. Za ka iya cewa ai kai ba ka ɗauki mawaƙin aiki ba. Haka ne. Amma ya yi aikin ne da sa ran masu amfana za su biya, ka kuma san da haka lokacin da ka danna. Wanda ya shiga motar haya ba tare da an yi ciniki ba, bai isa ya sauka ya ce ai dama direban can za shi ba.

Ka buɗe Nehemiya sura 13 daga aya ta 10. Nehemiya ya dawo Urushalima bayan ya yi tafiya, ya tarar an daina ba Lawiyawa rabonsu. Sakamakon bai zo da tsawa ko annoba ba. Lawiyawa da mawaƙa kowa ya tattara ya koma gonarsa, Haikali ya yi tsit. Mutanen nan ba ridda suka yi ba, yara ne da su a gida. Tun zamanin Dawuda ana keɓe mawaƙa don wannan aiki, 1 Tarihi sura 25 ta ƙirga horarru 288, amma rashin kawo hatsi da mai kawai ya isa ya watsa hidimar. Ka lura kuma da wanda Nehemiya ya tsawata wa. Shugabanni ya kama da faɗa, mawaƙan kuwa ya tattaro su ya mai da su bakin aikinsu.

Yau gonar ita ce keke napep, ko shagon cajin waya, ko kiɗan gidan biki inda ake biya a take. Idan yaron da ya taso yana buga mana piyano ya koma can, mukan girgiza kai mu ce duniya ta ja shi. Wani lokaci haka ne. Amma kafin mu yanke, a tambaya ko a shekara bakwai da ya yi yana kwana a wurin koyon waƙa akwai wanda ya taɓa saya masa ko igiyar jita.

Ni a ganina zama a kan manhajar ba zunubi ba ne, barinta kuma ba tsarki ba ne. Amma idan ka ƙudura za ka bari, ka ɗauki kuɗin watan nan ka ɗaure shi gefe tun kafin ya narke cikin kuɗin cefane, domin zai narke. Kowane wata ka zaɓi mawaƙi ɗaya da kake sha daga rijiyarsa ka sayi aikinsa. A shekara ka taɓa mutum goma sha biyu. Ƙiyasin da aka fi yawan ji shi ne dala uku zuwa biyar kan kowane sauraro dubu a ƙasashe masu arziki, a nan kuwa abin ya yi ƙasa da haka sosai. Ke nan naira dubu biyar da ka sa a hannun mawaƙi ta kai abin da zai samu idan ka saurare shi sau dubbai. Akwai shafin Bandcamp, wanda yake sayar da waƙa ka sauke ta zama taka, yana cire kashi 15 cikin ɗari ya bar wa mawaƙi mafi yawan sauran, tun daga watan Maris na 2020 ma yana keɓe wasu ranakun Juma'a da ba ya cire nasa kason. Sai dai ba kowane katin bankinmu ne yake biyan kuɗin waje ba, kuma mawaƙanmu kaɗan ne a can. Hanyarmu ta fi wannan gajarta. Mawaƙin yana zuwa babban taron shekara da jakar faifai ko filash. Lambar asusunsa tana kan shafinsa. Wani ma layi uku ne tsakanin kujerarka da tasa ranar Lahadi. Idan ka tura, ka rubuta masa cewa kuɗin kundi kaza ne. Kada ka kira shi taimako. Mai bin bashi da aka biya yakan ɗaga kai, wanda aka yi wa sadaka kuwa sai ya rusuna, kuma ba ka so ka sa ɗan'uwanka rusunawa a kan guminsa.

Wani zai ce ai muna yi, ba ga bikin ƙaddamar da kundi ba, inda ake tara dubban ɗaruruwa a yini ɗaya? Ana tarawa, ko kuma a ce ana alkawari, domin mawaƙa sun san bambancin abin da aka faɗa a lasifika da abin da ya shiga asusu. Amma ko an cika alkawarin, akwai abin dubawa. A ƙasar Hausa mun daɗe da sanin makaɗin fada da makaɗin attajiri, mun kuma san cewa wanda yake ba da doki da riga shi ake wasawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mawaƙin da rayuwarsa ta rataya a kan manyan baƙi biyar zai yi wuya ya rera abin da zai ɓata wa ɗayansu rai, sannu a hankali sai ka ji sunayen masu kuɗi sun fara kutsawa cikin waƙar da aka ce ta yabon Allah ce. Mutum ɗari biyar da kowannensu ya biya dubu biyu sun fi masa alheri a kan mutum ɗaya da ya ba da miliyan, ko da yake jimlar ɗaya ce, domin a cikin ɗari biyar ɗin ba wanda ya isa ya kira shi da dare ya gaya masa abin da zai rera. 'Yan kuɗinka suna saya masa 'yancin bakinsa.

Tura kuɗi kai tsaye ma yana da nasa gurbin. Wanda fuskarsa ke kan kundi shi kake gani. Mai yiwuwa wata mata ce a zumuntar mata ta tsara waƙar, shi ya ji ta a wani taro ya kai ta situdiyo. Akwai mai ganga, akwai wanda ya kwana yana daidaita sauti. Manhajojin nan, duk da aibinsu, suna ware wani kaso don marubucin waƙa idan an yi rajistar sunansa, taransifarka kuwa ba ta san da shi ba. Abin da ya burge ni a gyaran Nehemiya shi ne bai tsaya ga cewa a kawo zakka ba. Ya naɗa mutanen da aka shaida amincinsu a kan ɗakunan ajiya, Shelemiya da Zadok da Fedaiya, da Hanan yana taimaka musu, aikinsu shi ne su raba wa 'yan'uwansu. Ya san tarawa ba ta da wuya kamar rabo. Saboda haka ɗan'uwa mawaƙi, idan kana karanta wannan kana gyaɗa kai, ka duba naka littafin. 'Yan amshin da ka ce za ka gani bayan an sayar, ka gan su? Sunan wadda ta tsara waƙar yana jikin kundin?

Kai kuma da ko kuɗin data sai ka yi dabara, ba a ɗora maka kayan da ba za ka iya ɗauka ba. Ka saurara ta sashen kyauta na manhajar, ko a shafin mawaƙin na YouTube, wanda shi da kansa ya buɗe. Tallan da kake haƙuri da shi yana jefa masa wani abu, da babu gara ba daɗi. Idan za ka aika wa wani, ka aika masa adireshin waƙar maimakon waƙar kanta. Ranar da hannunka ya buɗe, ka tuna. Sarki Dawuda ya ƙi karɓar masussukar Arauna kyauta, ya biya shekel 50 na azurfa, domin bai yarda ya miƙa hadayar da ba ta ci masa komai ba. Shi yana da azurfa. Mai kwanon gyaɗa ko 'yan doya biyar ma yana da abin da zai kai gidan mawaƙin ikilisiyarsu bayan girbi.

Saura mu a taron jama'a. Ikilisiyoyi da yawa a Amurka da Turai suna biyan kuɗin lasisi na shekara ga wata ƙungiya mai suna CCLI, wadda take aiki tun 1988, suna ba da rahoton waƙoƙin da suka yi amfani da su, a raba kuɗin ga marubutan. Ta irin wannan hanya marubucin waƙa da ke Legas zai iya samun rabo daga majami'ar da bai taɓa takawa ba. Najeriya ma tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Amma ba sai doka ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ba. Muna gayyatar mawaƙi daga Jos zuwa Gombe, ya zo da mutum shida, su yi hidimar kwana uku, a sallame su da ambulan da ko kuɗin motar komawa bai cika ba, a bi su da "Allah ya sāka". Idan kana cikin dattawa ko kwamitin kuɗi, kafin zama na gaba ka nemi littafin kasafin bara. Za ka ga layin dizal, da na gyaran lasifika, da na hayar kujeru da rumfa. Ka bi da yatsa har ƙasan shafin ka ga ko akwai layin mawaƙa, in kuwa akwai, ka raba abin da ke ciki da yawan Lahadin da suka tsaya a gabanku.